ƘWAƘWALWAR JIKIN MOTA: Yadda Za Mu Gane Ta Lalace, Da Yadda Ake Canja Ta

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai yanzu suna da mota tasu ta kansu. Yawanci tsohuwar jif ce 'yar Kwatano, wadda aka yi shekaru ana tara kuɗi kafin a saya. Ita ke kawo taki da iri, ita ke fitar da amfanin gona zuwa kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Ranar da ta ƙi tashi, dukan gari ne ke jin jiki.

A kakar da ta wuce mun ziyarci wata ƙungiya, muka tarar da jif ɗinsu a gindin mangwaro, kwana 9 ba ta motsa ba, ga buhunan waken soya jibge suna jiran kasuwa. Suka ce mana waifa takan tashi aiki ba wanda ya taɓa ta, ƙofofi su kulle kansu, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, da safe kuma batir ya kwanta. Sun sayi sabon batir, bayan kwana 3 shi ma ya kwanta. Sun canja altaneta, watau injin da ke cajin batir, abin bai sake ba. Har an fara zargin direba, wai yana fita da motar da dare a ɓoye. Wani mai gyara kuwa ya ce a sayi sabuwar ƙwaƙwalwar injin. Ma'aji ya ce ba zai saki ko kwabo ba sai an nuna masa dalili. Ya yi daidai, kuma saboda irin wannan ne muka ga ya kamata mu yi wannan bayani.

MECE CE ƘWAƘWALWAR JIKI?

Waɗanda suka san Fijo 504 da tsohuwar Land Rover sun san yadda wutarsu take. Waya ta taso daga batir, ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta isa fitila. In fitila ta ƙi kamawa, sai a bi wayar da ido har a ga inda ta tsinke.

Motocin da aka ƙera tun daga wajen shekarun 1990 ba haka suke ba. Suna da ƙananan kwamfutoci a ciki, waɗanda masu gyara ke kira biren bos. Mutane da yawa suna tsammani guda ɗaya ce, amma ba haka ba ne. Akwai ta injin, mai lura da mai da wutar fulogi. Akwai ta giya, da ta birki, da ta jakar iska. Sa'an nan akwai wadda muke magana a kanta, mai lura da kayan wuta na jikin mota: fitilun ciki da na waje, sigina, waifa, hon, makullan ƙofofi, gilasan tagogi, ƙararrawar ɓarayi, a waɗansu motoci har da tantance makullin tayar da mota. Ita ce muke kira ƙwaƙwalwar jiki.

Aikinta kamar na magatakardan ƙungiya ne. In direba ya murɗa makunnin waifa, makunnin ba ya aika wuta kai tsaye, saƙo kawai yake kai wa ƙwaƙwalwa. Ita ce za ta karɓi saƙon, ta duba, sa'an nan ta ba da umurni wuta ta tafi. Tana kuma magana da sauran ƙwaƙwalen ta waɗansu siraran wayoyi. A riƙe waɗannan abubuwa uku da kyau, domin dukan binciken a kansu yake: saƙon da ke shiga, ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara, da wutar da ke fita.

Kowane kamfani da sunan da yake rubutawa a kanta. Nissan da Chevrolet da Jeep suna rubuta BCM. Honda tana kiran tata MICU. Ford na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da GEM. Wurin zamanta ma ya bambanta. A yawancin motoci tana ƙarƙashin dashbod, gefen direba, kusa da akwatin fis ko manne da shi. Haka take a Jeep Grand Cherokee ta 1999 zuwa 2004. Amma a Chevrolet TrailBlazer ta 2002 zuwa 2009 tana ƙarƙashin kujerar baya ta hagu, tare da akwatin fis na baya.

ALAMOMIN DA KE SA A YI ZARGINTA

In abu ɗaya ne kaɗai ya daina aiki, misali gilashin ƙofa ɗaya ko fitila ɗaya, to, kada a fara da ƙwaƙwalwa. A duba ƙwan fitilar, da fis, da makunnin, da ɗan injin da ke cikin ƙofar. Yawanci nan cutar take.

Ana fara zargin ƙwaƙwalwa ne in abubuwa da dama waɗanda ba ruwan wani da wani suka rikice tare. Misali:

1. Waifa ko hon ko fitilu su tashi da kansu, ko su ƙi mutuwa bayan an zare makulli.
2. Ƙofofi su riƙa kullewa da buɗewa ana cikin tafiya.
3. Batir mai lafiya ya riƙa kwanciya in mota ta kwana biyu ko uku a ajiye.
4. Fitilun gargaɗi da yawa su kama a dashbod lokaci ɗaya.
5. Fitilar tsaro ta riƙa ƙyaftawa, mota kuma ta ƙi tashi ko ta tashi ta mutu nan take.
6. Abin ya fi tsanani bayan ruwan sama ko bayan an wanke mota.

Amma fa alama ba hujja ba ce. Raunin batir da sakin wayar ƙasa suna kawo waɗannan alamomi duka, ƙwaƙwalwa kuwa lafiyarta lau. Shi ya sa ba a sayen wata sai an gama bincike.

ABUBUWAN DA KE KASHE TA

Babban abokin gabarta ruwa ne. Yana shiga ta robar gilashin gaba in ta tsufa ko in an canja gilashin ba a liƙe da kyau ba. Yana shiga ta magudanar tagar rufi in ganye da ƙura sun toshe ta. An san Ford Expedition ta 1997 zuwa 2002 da wannan: ruwan da ya yoyo daga gilashin gaba yakan ɗiga a kan akwatin fis da ƙwaƙwalwar da ke manne da shi. Mu kuma nan muna ƙara namu, da ƙetare rafi da damina, da wanke cikin mota da bokiti. Haka nan waɗansu motocin tun daga can suka zo da cutarsu. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas ta Amurka, kuma irin waɗannan motoci akan yi gwanjonsu, waɗansu a fitar da su ƙasashen waje. Mota mai warin gumi a ciki, da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, abar tsoro ce.

Na biyu shi ne wasa da batir. Akwai al'adar cire kan batir injin yana aiki, wai don a gwada ko altaneta tana caji. A tsohuwar mota ana tsira, amma a mota mai ƙwaƙwalwa wutar takan yi tsalle ta ƙone ta. Haka nan tayar da mota da batirin aro sa'an nan a cire shi injin yana aiki. Haka nan juya wayoyi wajen jona batir da batir, ja ya tafi wurin baƙi. Haka nan yin walda a jikin mota ba a cire kan batir ba.

Na uku shi ne ɗaure fis da waya ko da takardar sigari. Fis mai gadi ne, an yi shi domin ya mutu a madadin abu mai tsada. In an ɗaure shi, wutar da ta yi yawa sai ta wuce ta cinye ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma motar ta kama wuta.

Na huɗu ya shafe mu manoma ƙwarai. Motar da ke ɗaukar hatsi tana jawo ɓera, ɓera kuwa yana gaigayar wayoyi. Sa'an nan ga ƙarin fitilu da lasifika da na'urar bin sawun mota da akan jona ta hanyar yanke wayoyi barkatai.

BINCIKE, MATAKI BAYAN MATAKI

Kayan da ake bukata su ne mitar auna wuta, da sufana, da sukudireba, da tocila, da littafin rubutu. Matakai na 1 zuwa 6 direba mai hankali zai iya yinsu tare da wani ɗan ƙungiya. Sauran sai da mai wayarin wanda ke da na'urar bincike. A bi su bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Mataki na 1: Rubuta alamomi. Me ya rikice, yaushe ya fara, me aka yi wa motar kafin ya fara? An yi ruwa? An yi walda? An jona wani sabon abu? Sau da yawa amsar tana cikin waɗannan tambayoyi.

Mataki na 2: Auna batir. Bayan mota ta huta, batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. In ya gaza 12.0, ya kwanta, sai a yi masa caji kafin a ci gaba. Lokacin da ake tayar da injin kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In injin yana aiki kuwa, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7 ko kusa da haka. In ya haura 15, altaneta tana cajin da ya wuce kima, kuma za ta iya kashe kowace ƙwaƙwalwa da aka sa. A kankare kan batir, a ɗaure shi tamau.

Mataki na 3: Duba fis da rile. Jif takan kasance da akwatin fis biyu ko uku, ɗaya a wurin injin, ɗaya a ciki. A auna kowane fis da mita, domin ido yana ruɗi. Launi yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mai da irin wanda aka rubuta a murfin akwatin. In sabon fis ya sake ƙonewa nan da nan, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, a neme ta. In ana zargin rile, a musanya shi da wani irinsa daidai da ke cikin akwatin, a ga ko cutar ta bi shi.

Mataki na 4: Duba wayoyin ƙasa. Wuta tana komawa batir ne ta ƙarfen jikin mota, ta waɗansu wayoyi da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen. In wurin ya yi tsatsa ko ya saki, wuta sai ta nemi wata hanya, ta bi ta inda bai kamata ba, abubuwa su yi ta tashi da kansu. A kunna fitilu, a sa baƙar sandar mita a baƙin kan batir, jar kuma a wurin da aka ɗaure wayar ƙasa. Kada ya wuce volt 0.1 zuwa 0.2. In ya wuce, a kwance, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure.

Mataki na 5: Duba wayoyin ƙofa. Tsakanin ƙofar direba da jikin mota akwai wata roba mai lanƙwasa wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Buɗe ƙofa da rufewa na shekara 15 ko 20 yana karya su. A ja robar baya, a duba ɗaya ɗaya. Grand Cherokee da muka ambata an san ta da wannan, kuma an sha canja ƙwaƙwalwa a banza alhali waya ce ta karye. A duba ta ƙofar baya ma. A nemi kashin ɓera da gaigayayyun wayoyi. Duk wani abin da aka jona daga baya, a cire shi tukuna a ga ko an sami sauƙi.

Mataki na 6: Nemi sawun ruwa. A sa hannu a ƙarƙashin kafet, gefen direba da na fasinja. A kashe mota, a cire baƙin kan batir, a zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, a haska da tocila. Tsanwan gari ko fari a kan haƙoran soket alamar ruwa ce. Warin ƙuna da narkakkiyar roba alamar zafi ce. Wani lokaci wanke soket da ruwan feshi na musamman don kayan wuta ya isa magani.

Mataki na 7: Auna wutar da ke zuba in mota tana barci. Bayan an kashe mota, ƙwaƙwalen sukan yi barci, waɗansu bayan minti 10, waɗansu sai sun kai minti 30 zuwa 45. A sa mita a ma'aunin amfiya 10, a jona ta tsakanin baƙin kan batir da wayarsa. Kada a tayar da injin ko a kunna manyan fitilu a wannan hali, mitar za ta ƙone. A danne makunnin ƙofa domin mota ta ɗauka a rufe take, a jira. Abin da ya dace shi ne ƙasa da miliamfiya 50, watau amfiya 0.05. Ga lissafi: in mota tana shan rabin amfiya, a yini da kwana ta sha amfiya 12 na awa. A kwana 3 ta sha 36, fiye da rabin batir mai ɗaukar 70. Kun ga yadda sabon batir ke kwanciya ba laifin kowa. Sa'an nan a riƙa zare fis ɗaya ɗaya har a ga wanda in an zare shi zubar ta tsaya. In na ƙwaƙwalwar jiki ne, ba a gama ba tukuna. Mai yiwuwa wani abu ne ke hana ta barci, kamar makunnin ƙofa da ya lalace yana ce mata ƙofa a buɗe take.

Mataki na 8: Jona na'urar bincike. Tun daga 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, kusa da sitiyari. Na'ura tana karanta lambobin cuta ta nan. Lambar da ta fara da P ta injin da giya ce, B ta jiki, C ta birki da ƙafafu, U kuwa ta maganar ƙwaƙwale da juna. Misali U0140 tana nufin sauran ƙwaƙwalen sun daina jin muryar ƙwaƙwalwar jiki. A lura, ƙananan na'urori masu araha lambobin P kaɗai suke gani. In mai gyara ya jona irin wannan ya ce ba kome, bai ga jikin ba sam. Kuma U0140 ba ta ce ƙwaƙwalwa ta mutu ba. Fis ɗinta ko wayar ƙasarta in suka yanke, shiru za ta yi.

Mataki na 9: Gwada wayoyin magana. Motocin Amurka daga 2008, da waɗansu kafin nan, suna amfani da tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. A cire kan batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 na wancan soket. Ya kamata a ga wajen om 60. In an ga 120, hanya ta yanke a wani wuri. In an ga kusan sifiri, wayoyin biyu sun haɗe. Wannan gwaji bai shafi tsofaffin da ke da wani tsari ba, irin Grand Cherokee ta 1999 zuwa 2004, wadda ke magana ta rami na 2.

Mataki na 10: Yanke hukunci. Nan ne za a koma ga abubuwa ukun nan. Da na'ura mai kyau ana ganin abin da ƙwaƙwalwa ke ji. A murɗa makunnin waifa. In na'ura ba ta nuna saƙo ya shiga ba, a fara neman laifin a makunnin ko wayarsa. In saƙo ya shiga, wuta kuma ta fita daga soket, amma waifa ba ta motsa ba, laifin yana gaba, a waya ko rile ko injin waifar. Amma in wutar da ke ciyar da ƙwaƙwalwa ta cika, wayar ƙasarta lafiya, wayoyin magana lafiya, saƙo yana isa bakin soket ɗinta, duk da haka ba ta ba da umurni, ko tana bayarwa ba wanda ya tambaye ta, to, ita ce. Yanzu ne ma'aji zai buɗe jaka.

Gargaɗi: soket da wayoyi masu launin rawaya na jakar iska ne, kada a taɓa su da mita ko da fitilar gwaji. Kada kuma a sa fitilar gwaji mai ƙwai a kan wayoyin magana.

KAFIN A SAYI WATA

Da fari a kawar da abin da ya kashe ta farko. In yoyo ne, a toshe. In ɗan injin makullin ƙofa ne ya ƙone yana jan wuta fiye da kima, a canja shi. In ba haka ba, sabuwar ma kwananta kaɗan ne.

Hanya uku ce. Akwai sabuwa fil, ita ta fi tsada, wani lokaci ma ba a samunta don tsufan motar. Akwai ta Beljiyam, wadda aka ciro daga wata mota, ana samunta a manyan kasuwannin kayan mota irin su Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Ikko. Sa'an nan akwai gyaran tsohuwar, in dalma ce ta tsage ko ƙaramin rile na ciki ya ƙone. Wadda ruwa ya ci allonta sosai kuwa, gyaranta ba ya daɗewa.

Kada a sayi ƙwaƙwalwa da ido. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, cikinsu kuwa daban. A tafi da tsohuwar, ko hoton takardar da ke manne a jikinta, a gwada lambar kayan harafi da harafi. A tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. A tuna motar da aka yi don kasuwar Amurka da wadda aka yi don Turai ba lalle kayansu su zo ɗaya ba, ko rimot ɗinsu ma ba a zango ɗaya yake magana ba. A duba haƙoran soket na wadda za a saya, kada a sayo wadda ita ma ruwa ya sha. A yi yarjejeniya a rubuce cewa in ba ta yi ba za a mayar, a karɓi rasit.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: wannan motar tana bukatar a saita sabuwar ƙwaƙwalwa da kwamfuta? A waɗansu tsofaffi, ana jonawa ta kama aiki. A waɗansu sai an shigar mata da lambar shasi da jerin kayan da motar ke da su. A Nissan da dama, irin su Pathfinder ta 2005 zuwa 2012, sai an sake yi wa makullai rajista, in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Saboda haka a nemi mai saitin tun kafin a kwance kome, a ji kuɗinsa, a tattaro dukan makullan motar, domin wanda ba ya nan ranar rajista zai iya daina aiki. In ba za a iya kawo mai saitin ƙauye ba, gara a kai motar wurinsa a yi aikin can. Kada kuma a jefar da tsohuwar, domin wani lokaci daga cikinta ake kwafe bayanin zuwa sabuwar.

YADDA AKE CANJAWA

1. A tabbata batir ya cika. In wuta ta faɗi ana cikin saiti, sabuwar ƙwaƙwalwa za ta iya lalacewa.
2. A sauke gilashin direba, a fitar da makullai waje, don kada mota ta kulle kanta da su a ciki. In rediyon mai lambar sirri ne, a nemo lambar tukuna.
3. A kashe mota, a cire baƙin kan batir, a kawar da shi gefe, a jira minti 10 saboda jakar iska.
4. A kwance murfin da ke rufe wurin a hankali, robar tsohuwar mota ba ta da wuyar karyewa. A zuba sukurori a gwangwani.
5. A ɗauki hoton soket duka kafin a zare. Kowanne yana da ɗan harshen da ake dannawa. A kama soket ɗin, kada a ja wayoyi.
6. A taɓa ƙarfen mota kafin a ɗauki sabuwar, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara ɗan tartsatsin nan da mukan ji in mun taɓa ƙofa. Kada a taɓa haƙoranta da yatsa.
7. A wanke soket, a bari ya bushe, a miƙe haƙorin da ya lanƙwashe. A ɗaure sabuwar a mazauninta, a tura kowane soket har a ji ya ce ƙas.
8. A mai da kan batir, a yi saiti da rajistar makullai. A TrailBlazer da 'yan'uwanta akwai koyon makulli na minti 30: a gwada tayarwa, a bar makulli a kunne wajen minti 10 har fitilar tsaro ta mutu, a kashe na 'yan daƙiƙu, a yi haka sau 3, sa'an nan a tayar.
9. A goge tsofaffin lambobin cuta, a gwada kome ɗaya ɗaya: fitilu, sigina, hon, waifa, kowace ƙofa, kowane gilashi, kowane makulli.
10. A sake auna wutar barci. A zuba ruwa a kan gilashin gaba, wani yana ciki da tocila yana duba yoyo. Sai an ga wurin a bushe za a rufe murfi.

YADDA TA ƘARE DA WACCAN JIF

Da muka bi matakan nan da direba, batir da altaneta lafiya lau, har ma tsohuwar altanetar da aka cire ba abin da ya same ta. A mataki na 6 muka tarar da kafet sharkaf, soket ɗin ƙwaƙwalwa kuwa ya yi tsanwa. Ashe an canja gilashin gaba kafin damina, ba a liƙe kusurwarsa da kyau ba. Mai wayarin ya zo da na'ura, ya nuna wa shugaba da ma'aji da idonsu cewa ba a taɓa makunni ba amma ƙwaƙwalwa tana tura wa waifa wuta. Aka liƙe gilashin, aka sa ta Beljiyam mai lamba daidai, aka yi rajistar makullai biyu. Ƙwaƙwalwar injin da aka so a saya ba ta da laifin kome. A taron ƙungiya na gaba, waɗanda suka zargi direba suka ba shi haƙuri a gaban jama'a.

SHAWARA GA SHUGABANNIN ƘUNGIYA

A ajiye littafin mota, a riƙa rubuta kowane gyara da ranarsa da kuɗinsa. A sayi mita guda da fis iri iri a ajiye a cikin motar, kuɗin fis bai kai na mudun masara ba. A share hatsin da ya zube bayan kowace tafiya. A duba robar gilashi da magudanan ruwa kafin ruwan fari. A kafa doka cewa ba mai cire kan batir injin yana aiki, ba kuma mai ɗaure fis da waya.

In mai gyara ya ce ƙwaƙwalwa ce, a yi masa tambaya uku cikin ladabi: Malam, wacce daga cikinsu? Me ka auna da ya nuna haka? Me ya kashe ta? Mai sana'a na ƙwarai zai amsa ba tare da fushi ba, kuma ya cancanci a biya shi ladan bincikensa ko da abin da ya gano waya ce guda ta karye. Kuɗin ƙungiya gumin mutane da yawa ne, amana ce a hannunmu. Rigakafi ya fi magani, bincike kuma ya zo kafin saye.